Lilo A Bakin Iyaka: Sabuwar Fasaha Da Abin Da Take Faɗa Wa Matan Jibiya



Cikin shekara biyar kacal, sau biyu ana rufe iyakar da ke tsakanin Jibiya da Maraɗi. Na farko a watan Agusta na 2019, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa domin hana fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai. An buɗe waɗansu a watan Disamba na 2020, amma ta Jibiya ba a waiwaye ta ba sai a watan Afrilu na 2022. Ba a gama sauke numfashi ba, sai sojoji suka hamɓare gwamnatin Shugaba Mohamed Bazoum ran 26 ga Yuli, 2023, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka sake garƙame ƙofar har zuwa watan Maris na 2024. Manya daga cikinmu kuwa ba su manta da rufewar 1984 ba, wadda ta kai har 1986.

Duk lokacin da haka ta faru, manyan motocin da suka yi layi a Magama ake ƙirgawa, da kuɗin shigar da gwamnati ta rasa. Ba mai ƙirga uwar da 'yarta ta haihu a Maraɗi har aka yi suna ba ta ga jikanta ba, ko matar da aka yi wa rasuwa a Ɗan Isa ta karɓi gaisuwa ta waya. Mai hali ta hau babur ta bi ɓarauniyar hanya cikin fargaba, ta biya ninkin kuɗin mota. Marar hali ta rungumi haƙuri. Alhali kuwa Maraɗi ba baƙon gari ba ne a wurin Bakatsine. Sarakunan Katsina na dā ne suka kafa mulkinsu a can a farkon ƙarni na 19 bayan jihadi, shi ya sa har yau ake ce wa mai sarautar garin Sarkin Katsinan Maraɗi. Layin da ya raba mu Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata shi, suka bi daji suna kafa masa alamu tsakanin 1906 da 1908.

Abin da ya sa na ɗauko wannan zance a yau shi ne, a shekarar nan ta 2019 da aka rufe tamu ƙofar, a wata iyaka can nesa, watau tsakanin Amurka da Meksiko, waɗansu masu fasaha sun amsa wa katangar da ta raba dangi da dangi ta wata hanya mai ban mamaki. Sun yi amfani da lilo, da hasken fitila, da muryar mutane. Aikin nasu yana cikin wani sabon reshe na fasaha da ke ta yaɗuwa a duniya, kuma a ganina mu matan bakin iyaka mun fi kowa cancantar mu san shi, mu auna amfaninsa da illarsa, kana mu yanke shawarar ko za mu tsaya a 'yan kallo ko kuwa za mu sa hannu.

Wace Irin Fasaha Ce?

Turawa suna da sunan da suke kiranta da shi, amma mu ba sai mun je aro ba, domin muna da kalmar da ta dace, watau jere. Ke uwargida, tuna ranar da aka yi miki jere. Gwaggwanni da innoni da yayye suka shiga ɗakin da ba komai cikinsa sai bango huɗu, suka wuni suna ɗora wannan bisa wancan, suna saukewa, suna ja da baya su duba. A zamanin kakanninmu ƙore ne masu zane da tasoshi, daga baya aka koma kwanoni da langa da fanteka, yau kuma tangaran da gilashi a cikin kabad. Kwano ɗaya shi kaɗai ba abin kallo ba ne. Yadda aka jera shi da 'yan'uwansa, da yadda launi ya bi launi, da yadda haske ke dukansa in an ɗaga labule, shi ne gwanintar. Kuma ba a ɗaukar jere a kai wa mutum gida. Mai son gani sai ta tako ta shigo ɗakin. To haka masu wannan fasaha suke yi. Maimakon su zana hoto su rataye a bango, sai su ɗauki ɗaki sukutum, ko fili, ko gefen hanya, su shirya shi yadda duk wanda ya shiga zai ji wani abu a ransa.

Bambancin guda ne, amma babba. Jeren amarya na ido ne, yaron da ya kai hannu sai an buge hannun. Wannan sabon jere kuwa bai cika ba sai an taɓa shi. Akan haɗa shi da na'urorin da ke jin motsi ko murya ko bugun zuciya, waɗanda ke kai wa kwamfuta labari, ita kuma ta sauya haske ko ƙara ko hoto daidai da abin da mai kallo ya yi. In ba kowa a wurin, abin yana nan shiru kamar kayan da aka ajiye. Ku 'yan mata kun san haka a dandali: komai zaƙin muryar mai ba da waƙar gaɗa, in babu 'yan amshi da masu tafi ba a yi wasa ba. Saboda haka sai mu kira shi jere mai amsawa.

Ba yau na'ura ta fara shigo mana da abin kallo ba. Kakanninmu sun ga majigi, motar nan da ke zuwa ƙofar fada da dare a zamanin Turawa, ta kafa farin ƙyalle ta nuna fim a kan tsabta ko noman gyaɗa da auduga. Amma a majigi magana daga gefe ɗaya take fitowa, hukuma na faɗa, talakawa na saurare. A jere mai amsawa, mai kallo ma yana da ta cewa.

Lilo, Haske Da Yashi

Iyakar Amurka da Meksiko ta fi kilomita 3,000, watau wajen ninki biyu na wadda ke tsakaninmu da Nijar. A wurare da yawa an kafa mata shinge na dogayen ƙarafa a tsaitsaye, da 'yar tazara tsakanin kowane biyu, ana hangen juna amma ba a ƙetarewa. Ran 28 ga Yuli, 2019, waɗansu malaman jami'a biyu daga Jihar Kalifoniya, Ronald Rael da Virginia San Fratello, masana zanen gine-gine, suka zo da dogayen sandunan ƙarfe uku masu launin ruwan hoda, kowanne da wurin zama a bakinsa biyu. Suka zura su ta tsakanin ƙarafan shingen, rabi a Amurka rabi a Meksiko, shingen kansa ya zama madogarar tsakiya. Sai ga lilo irin wanda in yaro ya danna nasa gefen ɗan'uwansa ya yi sama. Yaran unguwar Anapra ta birnin Huwares suka hau ta can, na garin Sunland Park suka hau ta nan, har da iyayensu mata. Abin bai kai sa'a guda ba aka zare sandunan. Amma hotunan da aka ɗauka da waya sun zaga duniya, kuma a watan Janairu na 2021 wani gidan adana kayan ƙira da ke Landan ya zaɓe shi a matsayin ƙirar da ta fi kowace a shekarar 2020. Ku lura, babu lantarki ko kaɗan a cikin wannan aiki. Awo ne da walda da tunani, tunanin da suka fara tun 2009, suka shekara goma suna jiran ranarsa.

Na biyu ya fi shiga harkar na'ura. A watan Nuwamba na 2019, Rafael Lozano-Hemmer, haifaffen Meksiko mazaunin Kanada, ya kafa wurin tsayawa shida, uku a birnin El Paso na Amurka, uku a Huwares. A kowane wuri akwai makirfo da lasifika da wani ɗan abin murɗawa mai sarrafa manyan fitilu masu dogon zango da ke haska sararin sama. In kika murɗa har haskenki ya gamu da na wata da ke ɗaya ƙasar, nan take sai layi ya buɗe, ki ji muryarta ta ji taki, hasken kuma ya riƙa ƙaruwa yana raguwa daidai da tashin murya da saukarta. Dare goma sha biyu aka yi ana haka. Mawaƙa sun yi waƙa, dangi sun gaisa, waɗanda ba su taɓa sanin juna ba sun yi hira. Hikimar ita ce ba ki isa ki yi magana ke kaɗai ba, sai wata daga can ta yarda ta karkato da nata hasken wajenki.

Na uku ba wasa a cikinsa. Alejandro Iñárritu, mashahurin mai shirya fim ɗan Meksiko, ya fito da shi a 2017 a bikin fina-finai na birnin Kan a Faransa, ya sa masa suna Carne y Arena, ma'ana tsoka da yashi. Mutum ɗaya ke shiga a lokaci guda. Da farko a sa ki a wani ɗaki mai tsananin sanyi irin wanda ake tsare baƙin haure, ga takalman da aka tsinto a hamada zube a ƙasa, a ce ki cire naki. Sa'an nan ki shiga wani faffaɗan ɗaki da aka shimfiɗe da yashi, a ɗaura miki wani irin tabarau mai kama da ɗan akwati, wanda duk inda kika juya kai hoton ke juyawa tare da ke. Sai ki tsinci kanki a hamada da duhu tare da ayarin mata da yara da suka gaji, ga jirgi mai saukar ungulu ya taso da iska da haske, ga 'yan sintiri da bindigogi suna daka tsawa. Minti shida da rabi ne kawai. Labarin kuwa daga bakin waɗanda suka yi wannan tafiya aka samo shi, a ƙarshe kuma ki ga fuskokinsu ki karanta abin da ya sami kowannensu. A shekarar aka ba shi lambar yabo ta Oscar ta musamman.

Kada ku ce abin na can ƙetare ne kawai. Wani ɗan Nijeriya, Joel Kachi Benson, ya yi amfani da irin wannan tabarau a 2018 ya nuna rayuwar sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi da ke Maiduguri. A 2019 kuma ya yi fim na minti goma sha ɗaya mai suna Daughters of Chibok, a kan iyayen 'yan makarantar nan 276 da aka sace a watan Afrilu na 2014. Mai kallo kan ga kansa tsaye a tsakar gidan wata uwa da ke adana tufafin 'yarta tana jiran dawowarta. Fim ɗin ya ci kyauta a bikin fina-finai na birnin Benis a ƙasar Italiya a watan Satumba na wannan shekara.

Me Ya Yi, Me Ya Kasa Yi?

Yanzu sai mu auna, domin ba duk abin da aka tafa wa a Turai ne ya zama alheri gare mu ba. Gaskiya ta farko ita ce lilo bai kayar da shinge ba. An zare sandunan, yaran Anapra suka koma gida, ƙarafan suna nan inda suke. Fitilun El Paso an kashe su bayan dare goma sha biyu. Wanda ya taka yashin Iñárritu a Milan ko Los Anjalis, bayan minti shida da rabi takalmansa ya mayar ya shiga motarsa. Duk wadda ta ce miki fasaha za ta buɗe ƙofar Magama ran da hukuma ta rufe ta, ba ta faɗa miki gaskiya ba. Wannan aikin shugabanni ne, da 'yan majalisar da muka zaɓa, da sarakuna.

Amma akwai abin da ya yi wanda dogon jawabi ya kasa. Hausawa sun ce gani ya kori ji, ni kuwa na ce taɓawa ta kori gani. Wanda ya zauna a kan lilon nan ya ji a jikinsa cewa motsinsa ne ke ɗaga ɗan'uwansa da ke wancan gefe, ba ya bukatar a yi masa bayanin cewa abin da aka yi a ƙasa ɗaya yana taɓa ɗayar. Mu a Jibiya wannan karatu a tukunya muka koye shi. A watan Nuwamba na 2019 Hukumar Kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke tsakanin kilomita 20 daga iyaka domin kada a tsallaka da shi, sai ga kuɗin niƙa da na babur da na ban ruwa sun tashi a kan talakan Nijeriya da bai taɓa yin fasa-ƙwauri ba. A watan Agusta na 2023 Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda ta kai wajen kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke amfani da shi, Maraɗi ta shiga duhu. A nan gida kuma dabbobi da wake da dabino da ke shigowa daga can suka yi wuyar samu. Ko ruwan da ke fita daga madatsar Jibiya Gulbin Maraɗi yake bi, ya ratsa Nijar, ya sake dawowa Nijeriya ya faɗa Gulbin Rima. Mu mun san haka. Waɗanda ke sa hannu a takardar rufe iyaka a Abuja da Yamai su ne ke bukatar a ɗora su a kan lilon.

Abu na biyu shi ne labaranmu ba su gaza na Meksiko nauyi ba. Tun daga 2019 dubban mutane daga Katsina da Zamfara da Sakkwato, mafi yawansu mata da yara, suka tsere wa 'yan bindiga suka tsallaka yankin Maraɗi, ƙauyukan can suka karɓe su suka raba ɗan abin da suke da shi. A watan Oktoba na 2013 kuwa an tsinci gawar mutum 92 a hamadar arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. 52 yara ne, 33 mata, kuma akasarinsu daga yankin Kance suka fito, nan kusa da Daura. Hausa suke ji kamar ni da ke. Wane ɗaki aka shirya domin tunawa da su? A rediyo aka faɗi adadin, kwana biyu aka shiga wani labari.

To a nan ne haɗarin yake. Labari mai nauyi irin wannan ba ya rasa mai ɗauka. In ba mu ba da shi da kanmu ba, wani zai zo daga nesa da na'urarsa, ya ɗauki hawayen gwauruwa a sansani, ya kai inda ba za ta taɓa zuwa ba, a tafa masa, ita kuwa ko sanin abin da aka yi da fuskarta ba ta yi ba. Ba ina cewa duk baƙo macuci ne ba. Amma uwargida, duk ran da wani ya zo unguwarku da abin ɗaukar hoto ko murya, kina da ikon ki tambaye shi: wa ya aiko ka, ina za a nuna, wa zai amfana, kuma za a ɓoye fuskata da sunan ƙauyenmu? A inda 'yan bindiga ke da masu kai musu rahoto, murya kaɗai tana iya tona asirin mai ita. Magana zarar bunu ce, abin da ya shiga intanet kuwa ya fi bunu wuyar mayarwa. In ba ki gamsu ba, ki ce a'a, ba rashin kunya ba ne.

Za A Iya A Wurinmu?

Na san abin da waɗansunku za su ce: garin da wuta ba ta zama, ina shi ina fitila mai haska sama? Gaskiya ne, kuma ba wutar kaɗai ba. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Jibiya, saboda matsalar tsaro, mutane suka riƙa tafiya mai nisa kafin su sami inda za su kira ɗan'uwa. Iyaye da yawa sun ji tsoron makarantar kwana tun bayan sace ɗaliban Ƙanƙara fiye da 300 a watan Disamba na 2020. Wanda ke neman inda zai kwana lafiya, ba jere ne a gabansa ba. Ban raina wannan ba. Sai dai ku tuna aikin da ya fi shahara cikin ukun nan shi ne wanda ba ya cin wuta, kuma mai walda a bakin kasuwa zai iya ƙera irinsa. Tsadar ba a kayan take ba, a tunanin take.

Ko na'urar ma ta sauko. Akwai wani ɗan allon lantarki da bai kai tafin hannu ba, ana ce masa Arduino, wanda aka ƙirƙiro a 2005 a wata makarantar koyon ƙira a garin Ivrea na Italiya, musamman domin ɗaliban zane da ba su karanci injiniya ba. Da shi da ɗan batir da ƙaramin faifan sola, ana iya sa fitila ta kama in an tafa hannu, ko lasifika ta yi magana in an ɗaga murfi. Bari in ba ku misalin abin da 'yan aji huɗu ko biyar na makarantar 'yan mata za su iya gwadawa tare da malamin kimiyya da malamar sana'ar hannu. A sami ƙore goma a jera, kowace da faifanta a rufe. A je da waya, da izininsu, a ɗauko muryar tsofaffi mata, biyar daga Jibiya, biyar daga Ɗan Isa da Madarunfa da Maraɗi, wannan ta ba da tatsuniya, waccan ta faɗi yadda ake dambu ko yadda aka kai ta ɗakin miji a wancan gefe. Duk wadda ta ɗaga faifai sai muryar ta fito. A bar mai saurare ta canki wace ce 'yar Nijeriya, wace ce 'yar Nijar. Ko shakka babu za ta sha wuya, sai fa in tsohuwar ta ce lakwal a inda mu muke cewa makarantar boko, ko mushe a inda muke cewa malam. Wannan jere ne, lissafi ne, tarihi ne, kuma zumunci ne.

Kuma muna da waɗanda suka share mana hanya. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, ginin tukunya ta koya a gida irin na matan Gwari. A 1954 ta shiga cibiyar koyon tukwane ta Abuja, garin da yanzu ake kira Suleja, ta zama mace ta farko a wurin, ta haɗa zanen gargajiya da sabuwar hanyar gasa yumɓu, har aka nuna aikinta a Landan. A Nijar kuwa ga Mariam Issoufou, wadda ta fara karanta ilmin kwamfuta a Amurka ta yi aiki da shi shekaru, kana ta koma ta karanci zanen gine-gine, ta buɗe ofishinta a Yamai a 2014 ta sa masa sunan Hausa, Masomi. Ita da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili ne suka mai da tsohon masallacin ƙauyen Dandaji a Jihar Tawa ɗakin karatu suka gina sabo kusa da shi da tubalin ƙasa, aka gama a 2018. Ta kuma yi wa kasuwar ƙauyen rumfuna na faya-fayan ƙarfe masu launi-launi da ke ba da inuwa kamar itatuwa. Ba ta zubar da na gida ba, ba ta kuma ji tsoron na zamani ba.

Wuraren koyo ma ba su yi mana nisa ba. Sashen koyon zane na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya yana cikin mafiya daɗewa a ƙasar nan. A can ne tun 1958 waɗansu ɗalibai suka kafa ƙungiya suna cewa lalle a haɗa fasahar gida da ta waje maimakon a kwaikwayi Turawa ido rufe. A Katsina ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Fasaha ta Hassan Usman, a Maraɗi ga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗanƙulodo. Gidan tarihi na Katsina da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina zai iya ware ɗaki guda domin aikin ɗalibai. Har ila yau, a watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, kuma an tsara tasha a Jibiya. Tasha tana da bango da zauren jira, inda mutanen ƙasashen biyu za su zauna kafaɗa da kafaɗa. Wa zai ƙawata wannan zaure, kuma labarin wa zai faɗa? In ƙungiyoyin mata da shugabannin makarantu ba su nema ba, hotunan manya kawai za a liƙa a tashi.

Saboda haka, iyayena mata, in kin ga 'yarki tana kwance tsohuwar rediyo ko tana haɗa waya da batir, kada ki ce wannan wasan maza ne, je ki wanke kwanoni. Ta wanke kwanonin, sa'an nan ki bar ta ta koma kan abinta. Ki kuma koya mata saƙar faifai da zanen ƙwarya da tatsuniyoyin da kika ji a bakin kakarki, domin na'ura ba ta da abin faɗa sai wanda aka zuba mata. Ku kuma ƙannena, kada ku yarda a ce muku sai dai ki zaɓi ɗaya, ko lissafi ko zane. Mai jera kwano ɗari ba tare da ɗaya ya karkace ba ta riga ta san awo, saura ta koyi rubuta shi a takarda. Ku riƙe darasin kimiyya da hannu biyu, ku tambayi malamanku yadda makunnin fitila yake aiki, ku roƙi a ba ku dama ku taɓa kayan ɗakin gwaji da hannunku.

Iyakar da aka rufe a 1984 da 2019 da 2023 ana iya sake rufe ta, musamman tun da Nijar ta fice daga ECOWAS a watan Janairu na 2025. Ba mu da mabuɗin a hannunmu. Abin da ke hannunmu shi ne mu tabbata 'ya'yanmu sun tashi da sanin cewa na wancan gefen 'yan'uwansu ne, kuma sun iya faɗa wa duniya haka da bakinsu da aikin hannunsu. Zumunta a ƙafa take, ran da aka tare ƙafar kuwa sai a nemo mata wata hanya.

Makarantar da ta gwada wani abu irin wannan, ko uwargidan da ke da nata ra'ayi, ta rubuto mana mu ji.